Ƙirjin Aro

…kuma ai ba don ta cuce shi ta faɗa ba. Wannan kam Allah ya sani. Bakinta ne ya riga ta. Shekara ashirin da biyu yana ba da amsa iri ɗaya, yau ne zai sake don kawai mai tambayar likita ce?

A'a. Bai taɓa ba. Abadan.

Sau biyu ke nan. Na farko ranar da aka kwantar da mijinta Garba da korona, aka kira ta a waya ana cike takarda. Na biyu yau da hantsi.

Mansura tana tsaye a saman benen da suke haya a Ammariyya, cikin Jidda, waya a hannu, rana a tsakar ka. Ta ce wa 'yarta Layan shanya za ta kwashe. Ga shanyar nan a igiya, ta bushe har ta yi tauri, ko ɗankwali ba ta taɓa ba. A ƙasa ɗaki biyu ne da labule a tsakani, ko ajiyar zuciya ka yi an ji. Nan sama kuwa sai tankunan ruwa, sai tantabaru, sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki na maƙwabta. Biyu ta gota. Dakta Arij ta ce za ta sake kira ƙarfe uku.

Kwana tara Garba yana kan inji. An sa shi barci, injin ke yi masa numfashi.

Yadda likitar ta yi bayani — a hankali, da Larabci mai sauƙi, kamar tana magana da ƙanwar uwarta — cutar ta sa huhun ya yi tauri, iska ba ta shiga sai an tura ta da ƙarfi. Injin kuwa turawa ce aikinsa. Jiya huhun dama ya huje. Iskar ba ta tsayawa inda aka aike ta, zurarewa take yi cikin ƙirji, ta danne huhun, ta bi ƙarƙashin fata ta haura wuya. Sun huda tsakanin haƙarƙarinsa sun sa roba, robar ta sauka cikin wata kwalba mai ruwa a gefen gado. Muddin ruwan nan yana kumfa, hujin bai rufe ba.

Yana kumfa.

Ta gani da idonta. Ba a barin kowa ya shiga, sai dai wata nas 'yar Filifin takan kira su ta bidiyo minti biyu a rana, ta juya wayar wajen gado. Yau da ta juya… waye wannan? Mansura ta ɗauka an yi kuskuren gado. Abu Layan, Garbanta, siriri ne, mai dogon wuya, mutumin da agogo ke yawo a tsintsiyar hannunsa. Wannan kuwa wuyansa ya haɗe da haɓa, kumatu sun tashi, fatar ido ta kumbura ta rufe idon ruf. Shekara nawa tana ɗura masa asida da madara ko zai yi ɗan jiki, bai yi ba, ga inji ya yi a wuni guda —

Astagfirullah. Me ya kawo wannan tunanin?

Nas ɗin ta ɗora yatsa biyu a ƙasan wuyansa ta danna, don ta nuna mata ba ruwa ba ne, iska ce. Fatar ta yi ƙara. Ƙas-ƙas, kamar takardar da take yanka samfurin riga idan ta murƙushe ta. Ko dai ba ta ji ba? Waya tana ɗauko irin wannan ƙaramin sauti? Ta dai ji shi. Har yanzu tana jin sa, a bayan kunne.

Ita mai ɗinki ce. Abaya, rage tsawo, sakin ƙugu, ɗinkin yagewa, duk a kan keken nan da ke bayan labule. Kuma abu na farko da take tambayar duk matar da ta kawo mata kaya shi ne, yadin nan sabo ne ko ya sha wanki? Ba don gulma ba. Idan tsoho ne sai ta sassauta zare, ta sa siririyar allura, ta taka keken a hankali. Tsohon yadi ba ya yagewa a ko'ina, kusa da tsohon faci yake yagewa. Ko yarinyar da ta fara koyo ta san wannan.

Sun tambaye ta. Ta ce sabo ne.

Dakta Arij ta ce hoton ƙirjin ya nuna wani abu a can saman huhun dama, kusa da inda ya huje. Kamar tsohon tabo. Ta ce ba ta da tabbas, cutar ta hargitsa hoton duka, an kuma aika gwaji amma sakamako sai bayan kwanaki, shi kuwa ba shi da kwanaki. Akwai wani magani mai ƙarfi da take son ba shi yau, ya kwantar da wutar da ke cin huhun. Amma idan ya taɓa yin tarin fuka, maganin na iya tayar da tsohon ciwon daga barci, dole ta sake lissafi.

"Ya khala, ki tuna da kyau. Ko yana saurayi. Ko kafin ku yi aure."

A'a. Bai taɓa ba.

Likitar ta ce ta tambayi danginsa, za ta kira ƙarfe uku.

Danginsa…

Rumfar kara a bayan gida, a Gadarif, can Sudan. Saura mako guda ta hau jirgi ta bi mijin da ta aura wata huɗu da suka wuce. Inna, uwar Garba, Allah ya ji ƙanta, ta ja ta gefe kamar za ta ba ta turaren wuta. Ta zaunar da ita a kan turmin da aka kife. Ba ta ko kalle ta ba, tsintar tsakuwa take yi a cikin riɗi. Ta ce yana shekara goma sha tara, lokacin yana aikin gonakin riɗi, ya yi tari har da jini. Ya kwanta, an sha wuya, Allah ya tashe shi. Da aikin tuƙi ya samu a Jidda, aka ce sai an ɗauki hoton ƙirji, mai tabo kuwa ba ya wucewa. Sai Mus'ab, ɗan baffansa — tsayinsu ɗaya, doguwar fuska iri ɗaya — ya karɓi takardar Garba ya shiga ya tsaya gaban na'ura ya cika ƙirji da iska. Aka buga hatimi. Lafiyayye.

Inna ta ce, na faɗa miki ne don kada wata rana ki ji a bakin wani ki yi ihu. Yanzu ki haɗiye. A can, in aka ji, jirgi ne. Kuma ko sunan ciwon kada ya kwana a ɗakinki.

Ta haɗiye. Wa ya kai ta haɗiyewa?

Shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Ko sau ɗaya. Ya san ta sani, ta san ya san ta sani, shi ke nan. A haka suka haifi Layan, a haka suka binne ɗa guda, a haka suka sake gida sau uku. Sai dai ƙananan abubuwa. Ba ya tari a gaban mutane. Ana zaune ana hira, ya miƙe ya ce ya manta abu a mota, ya je ya rufe ƙofa ya yi tarinsa ya dawo. Mura ba ta kai shi asibiti, saidaliyya, kantin magani, yake zuwa ya sayo. Idan an zo wajen cike takarda, ita ke riga shi: a'a, babu, alhamdulillah, lafiyarsa ƙalau. Har ta iya faɗa da murmushi.

Kwana shida ya yi a kan katifar nan da zazzaɓi. Kwana shida. Tana roƙo, yana juya fuska bango. Ranar na biyar ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti, ya riƙe mata hannu, hannun kamar garwashi.

"Za su ɗauki hoto, Mansura."

Iyakarta ke nan. Shekara ashirin da biyu, wannan ce maganar da ta fi kusa da ciwon da ya taɓa yi mata. Ta ajiye wayar. Ita ta ajiye, da hannunta. Washegari leɓɓansa suka yi baƙi, ya kasa ƙarasa Fatiha a sallah, sannan ta kira. Da ta kira ranar na uku fa? Ko na biyu? Da wataƙila ba a kai ga inji ba. Da babu injin da zai —

Wata tantabara ta sauka a bakin tanki. Tana kumbura wuya, tana juyi, wuyan yana cika yana cika…

Mansura ta kore ta da hannu. Ta juya baya.

Biyu da rabi.

To in ta faɗa? A bi shi a hankali. Ta faɗa wa Dakta Arij. Dakta Arij ta rubuta a kwamfuta. Kwamfutar nan da wa take magana? Yanzu komai a jikin lambar iƙama, katin zama, yake, waya, allura, makaranta, har shiga kanti. Ka rubuta abu a asibiti, wa ya san ko yana fitowa a ofishin jawazat, wajen 'yan shige da fice, kafin ka sa takalmi? An ce wani mutum a Madinar Masana'antu, unguwar nan ta Jidda, ya je da tari, aka yi masa magani tsaf, aka sallame shi, aka buga masa fita ba dawowa. An ce. Wa ya gan shi? Matar da ta ba ta labarin ma ji ta yi. Amma an ce.

Da kafilinsa, uban gidansa Abdulmohsen. Mutumin kirki, shekara goma sha takwas bai taɓa ɗaga wa Garba murya ba, jiya ma ya kira ya tambayi jiki. 'Ya'yansa huɗu Garba ya yi ta kaiwa makaranta daga Abhur, gilashi a rufe, sanyi a kunne. Ya ji cewa direban nan… ai ya warke tun kafin a haife su! Amma wa zai tsaya jin wannan? Sunan ciwon kawai za a ji.

Da Layan. Tana can ƙasa da waya a kunne tana darasi, shekarar ƙarshe a sakandare. A nan aka haife ta. A yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Sau ɗaya aka kai ta Gadarif, ta yi kwana ashirin tana tambaya yaushe za a koma gida. Gida. A ce mata halas, shi ke nan, tattara littattafanki?

To in ba ta faɗa ba?

Ƙarfe uku da minti biyar a ɗaura masa maganin. Ya bi jijiya ya shiga. Ya je ya taɓa abin da ke kwance a can sama shekara talatin, ya ce masa tashi. A huhun da ya riga ya huje. A ƙirjin da ake tatsar iska da roba.

Iƙama ta mutum mai rai ce. Gawa ba ta sabunta iƙama.

Amma a matakala, ranar da suka sauko da shi a kan kujera, mutum biyu sanye da fararen kaya har fuska, ya ɗaga abin iskar daga bakinsa ya dube ta. Ya ce, kin dai sani. Aka mayar masa da abin. Kin dai sani… me? Kin san abin da ba a faɗa? Ko kin san abin da ya kamata ki yi in ta kai ga haka? Ko kuwa inda ya ajiye makullin mota yake nufi? Mutum ya bar maka kalma uku ya tafi ya yi barci.

Ta kira Mus'ab da azahar. Shi ma yana Jidda tun tuni, a wani sito a Madinar Masana'antu, 'ya'ya biyar. Ya ɗauka da wasan da ya saba, matar yaya, yau an tuna da ƙaramin miji? Da ya ji muryarta sai wasan ya mutu a bakinsa. Ta ji ya fita daga cikin hayaniya, ta ji ƙofar ƙarfe ta rufe. Ta faɗa masa. Ba ta ambaci sunan ciwon ba, ta ce maganar hoto ce. Ya gane.

Ya ce ai likitoci ne, suna da na'urori, su duba da kansu mana. Ya ce takardar shekara ashirin da huɗu, wa zai tono ta? Sai kuma ya ce in aka tono fa? Ya ce ta ce ba ta sani ba, ai ba ƙarya ba ce, ba ta nan aka yi. Ya yi ta magana, yana ba kansa amsa. Can sai ya ce:

"Ƙirjina na ara masa, matar yaya. Da ana ara huhu, wallahi da yanzu ina bakin asibitin."

Ta ce ta sani.

"In kin faɗa, kada ki kai ga sunana. Don yaran."

Ba ta ce masa za ta faɗa ba. Ba ta ce ba za ta faɗa ba.

Uku saura kwata. Zufa tana bin bayanta har cikin zani. Iskar teku ta taso, mai ɗumi, mai danshi, ba ta sanyaya komai. Ta ja numfashi — ya shiga, ya tsaya inda ya kamata, ya fita. Haka kawai. Ba ta taɓa lura ba. Ta sake ja, tana saurare, kamar za ta ji inda yake yoyo.

A kwatanta. A faɗa a hankali, ba kowa a nan. Dakta, mijina ya taɓa yin… ya taɓa…

Harshen ya ƙi. Kamar an ce ta kira sunan surukinta a tsakar kasuwa.

Da Larabci fa? Wataƙila da Larabci ya fi sauƙi, ba harshen da Inna ta hana ta da shi ba ne. Ta gwada. Ya fito rabi, ya maƙale.

Ko ta kashe wayar. Caji ya ƙare, ai yana faruwa. Likita ta kira ba ta samu ba, ta yi abin da ta ga ya dace, ita ce ta yi karatu. Ba ta faɗa ba, ba ta kuma yi ƙarya ta uku ba. Babban yatsanta yana kan maɓallin. Ɗan dannawa kaɗan…

Sai fuskar nan. Idon da ya rufe. Ko da ya farka yanzu ba zai iya buɗe shi ya ga wanda ke kansa ba.

Ta ɗauke yatsan.

Uku. Shiru. Uku da biyar. Me ya sa ba ta kira ba? Ta ce uku. Likita ba ta makara sai in tana kan wani. Kan wa? Ɗayan huhun ne? Ta ce idan na hagu ma ya huje — a'a, ba ta ce ba, ita Mansura ce ta ƙarasa mata. Uku da tara. Ya Hayyu ya Ƙayyum. Ko sun riga sun ɗaura maganin, sun ga ba amfanin jiran matar da ta ce abadan har sau biyu? Ko kuwa wata murya ce za ta kira, namiji, ya fara da tambayar ko ita ce iyalin —

Wayar ta yi ƙara, ta kusa suɓucewa.

Dakta Arij ce. Muryarta a toshe ta bayan takunkumi, a gajiye. Ta ba da haƙuri. Ta ce yana nan yadda yake, kwalbar tana kumfa, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ta ce, kin samu wani daga danginsa?

"Dakta. Ya taɓa. Tarin fuka. A Sudan, yana saurayi. Na sani tun ranar da kuka fara tambaya."

Ya fita. Bene bai rushe ba. Na'urorin maƙwabta suna ta gurnaninsu.

A can ɓangaren sai ƙarar maɓallan kwamfuta. Ana rubutawa. Ga shi nan yana shiga, harafi bayan harafi, ba mai goge shi. Tana jiran faɗa, tana jiran a ce me ya sa, tana jiran a tambayi yadda ya wuce gwajin shigowa. Ba a tambaya ba. Likitar ta ce Allah ya saka mata da alheri, wannan zai taimaka.

Mansura ce ta kasa haƙuri. Ta ce da ta faɗa tun ranar farko, da huhun bai huje ba?

Dakta Arij ta ce ba ta sani ba. Ta ce akwai waɗanda nasu ya huje ba su da tabon komai, akwai masu tabo da nasu bai huje ba. Ba ta ce e ba. Ba ta kuma ce a'a ba. Da ma ta yi mata ƙarya, ƙarama, irin wadda ake yi wa mutane…

"Yanzu ki taimake ni, khala. Wace shekara ce? Wata nawa ya sha magani? Allura aka yi masa ko ƙwayoyi? Abin da na fi buƙata, ya shanye maganin har ƙarshe, ko ya bari da ya ji sauƙi?"

Mansura ta buɗe baki.

Wace shekara… yana sha tara. A lissafa. Wata nawa? Wata… Inna ba ta ce ba. Asibiti ma aka kai shi, ko a gida aka yi? Allura? Ba ta taɓa ganin takarda ba, ko kwalin magani, ko sunan likita. Ba ta tambaya ba. Ta yaya za ta tambayi abin da aka ce kada sunansa ya kwana a ɗakinta? Dare dubu nawa kanta yana kan ƙirjin nan, daidai wurin, kunnenta a kan tabon, ba ta taɓa cewa, Abu Layan, yaya aka yi ba. Mus'ab tsayawa kawai ya yi gaban na'ura. Inna tana ƙasa shekara bakwai. Mutum ɗaya ya rage da ya sani, an sa masa roba a maƙogwaro.

Abin da ta yi ta gadi ke nan? Suna kawai?

"Khala? Kina ji na?"

Ta sulale ta zauna a jikin tanki, ƙarfen yana ƙona mata baya, ba ta matsa ba. Ta ce tana ji. Ta ce a ɗan ba ta minti ɗaya, za ta tuna.

Rumfar kara. Turmi a kife. Yatsun Inna a cikin riɗi. Ta ce ya kwanta, ta ce an sha wuya, sannan ta ce… me ta ce? Ya warke ta ce? Ko cewa ta yi ya daina tari?